Maganin Rufa-Baki

Anka, ranar Laraba.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗiyata Kulu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, wadda faɗa ba ya hana ta. Allah Ya kai ki inda za ki lafiya, Ya tsare ki a mota, Ya tsare ki a jirgi, Ya haɗa ki da mutanen kirki a ƙasar da ba ki san kowa ba.

Ba zan ba ki labarin gida ba, kina cikinsa. Tsakanin ɗakinki da nawa taku goma ne, amma na zaɓi takarda, domin in na buɗe baki a gabanki ihu zan yi, ke kuma in an yi maki ihu kunnenki toshewa yake yi, gadon babanki. Ki karanta wannan kafin Asabar, kafin a ɗora akwatinki a mota.

Na ji ki shekaranjiya. Bayan azahar kina bayan ɗakin girki kina waya da ƙawarki, ni ina ciki ina tankaɗe. Kika ce mata in kin isa can, kin shiga ɗakin gwaje-gwajen nan, ba za ki zauna jiran shekara da shekaru har a gama gwada maganin a kan ɓeraye ba. Za ki ɗan ɗiba ki riƙa ɗigawa a tsagar kanki, ba wanda zai sani. Kika yi dariya. Na ajiye rariya na zauna a ƙasa.

Ban raina aikinki ba, kada ma ki fara wannan tunanin. Shekara ashirin da huɗu ina koyar da ilimin halittu a makarantar 'yan mata. Takardun da kika bari a kan tabarma na karanta su duka, har waɗanda sai da na ɗauko ƙamus. Kuma ban manta yadda kika yi mani bayani ba ranar da takardar ɗaukarki ta zo. Kika ce a cikin kowane tushen gashi akwai rubutun da muka gada, kuma rubutun ba ya aiki da kansa, ɗan aike yake turawa. A wurin masu irin jininmu, ɗan aiken nan shi ke sa tushen gashi ya cika sauraron sinadarin maza, wanda mu mata ma muna da ɗan rabonmu a jini. Tushen ya yi ta saurare yana ƙanƙancewa, har gashin ya koma kamar na jariri, daga nan ya daina fitowa. Kika ce ku ba rubutun za ku goge ba, ɗan aiken za ku tare a hanya. Na ce ku yi mashi me? Kika ce, "Rufe mashi baki kawai za mu yi, Inna. In da Hausa za a sa mashi suna, maganin rufa-baki ke nan."

Kin ga na tashi na shige ɗaki, kika ɗauka murna ce ta sa ni kuka. Ba murna ba ce. Na taɓa jin sunan nan a bakin wata mata, kuma na taɓa shafa abin da ta kira da shi. Shi zan gaya maki yau, amma sai na fara daga Gummi, gidan uwata.

Ban taɓa ganin kan uwata ba sai ranar da ta mutu. Ki zauna da wannan maganar. Da kallabi take kwanciya, da kallabi take tashi. In za ta yi alwala sai ta ba mutane baya ta cusa jiƙaƙƙen hannu ƙarƙashin ɗaurin. Mu mun ɗauka tsananin tsoron Allah ne. Ta rasu da hantsi, masu wanka biyu suka ce in shigo in riƙa zuba masu ruwa. Aka zo kan kai. Kin san mace ana tsefe mata kai a wanke, a yi mata kitso uku kafin a sa likkafani. Tsohuwar da ke wankan ta kwance kallabi, ta tarar da wani a ƙarƙashi. Ta kwance shi, ta tarar da hula ta saƙa. Ta zare hular. Kan fes yake, yana ƙyalli kamar bayan ƙwarya, sai 'yan silalai farare a ƙeya da bayan kunne. Ba abin da za a kitsa. Tsohuwar ta tsaya da mataji a hannu ta rasa inda za ta sa shi. Can ta ɗago ta dube ni, ba idona ta duba ba, goshina ta duba inda kallabina ya ɗan zame, ta ce, "Ke ma ki hwara tanadin hula, ɗiyata."

Ranar uku da muka zo kwashe kayan ɗakinta, na janye gado na ga tsagar bango cushe da gashi. Kin san ba mu zubar da gashin tsifa, kada tsuntsu ya yi sheƙa da shi ko mugun hannu ya tsinta, a bango ake cusawa. Na kama na ja. Ya yi ta fitowa kamar igiya, fari a bakin tsagar, can ciki baƙi wuluk mai tsawo, na ƙuruciyarta. Duk kan uwata yana cikin bangon nan. Na mayar da shi na liƙe da laka, ban gaya wa kowa ba.

Kuskurena na fari ke nan. Tsoro na kwaso daga ɗakin nan, ba ilimi ba. Ni da nake tsayawa gaban allo ina zana wa 'ya'yan mutane yadda ɗa ke gadon tsawo da launin fata, na kasa zaunar da ɗiyar cikina in ce mata: abin nan yana gidanmu, ba sammu ba ne, ba alhakin kowa ba ne, kuma yana iya zo maki. Na bar ki kika gano shi ke kaɗai a madubin ɗakin kwanan ɗalibai a Sakkwato, kina shekara ashirin, kika yi wata shida kina ɓoye mani abin da ni ma nake ɓoye maki. Ki yafe mani wannan. In Allah Ya ba ki ɗiya, ki riƙa cire kallabi a gabanta tun tana rarrafe, ta saba da ke yadda kike.

Bayan na haifi autarmu Luba, nawa ya taso gadan-gadan. In na taje kai sai in cika tafin hannu. Babanku bai taɓa cewa uffan ba, gara in faɗi gaskiya. Shi ma sanƙo gare shi tun yana saurayi, abokansa na yi mashi kirarin mai arziki. Abin da ke ƙona mani rai ke nan har gobe. Namiji ya yi sanƙo a ce arziki ne ke tafe, mace ta yi a ce a bincika, ko an yi mata ne ko ita ta yi. Ba wanda ya tsangwame ni, ni na tsangwami kaina. Na daina zuwa kitso. In an yi biki sai in ce kaina ke ciwo.

Wata malama da muke aiki tare ta raɗa mani labarin wata makitsiya a Bukkuyum, Tabawa, ta ce tana da magani. Ranar kasuwa na ce wa babanku zan je sayen wake. Na hau bas, na sauka, na hau kabu-kabu har ƙarshen gari, bayan wani injin niƙa. Rana tsaka na isa, lokacin da ko kaza ta nemi inuwa. A tsakar gidan mata biyar na zaune a jere a gindin bango, kowace da lulluɓi har goshi, ba mai kallon wata, ba mai gaida wata. Kin taɓa ganin mata biyar a gidan kitso ba hira? Ƙarar injin kawai ake ji ta bayan katanga, ƙurarsa na sauka a kan randar ruwa.

Da layi ya zo kaina ta zaunar da ni tsakanin gwiwoyinta, bayana gare ta, kamar za a yi kitso. Har na bar gidan ban ga ta dubi fuskata ba. Ta kwance mani kallabi, ta bi tsakar kaina da yatsa mai sanyi, sai ta sunkuya ta yi magana, ba da ni ba, da kan.

"Kai ne mai surutun ga? Wa ya aiko ka?"

Na ce, "Inna Tabawa, gado ne. Uwata ma haka..."

Ta ɗan buge mani leɓe da bayan hannu. "Malama, nan ba aji ba ne. Mun san gado ne. Gado baki gare shi, shi ka kiran gashi ɗai-ɗai suna tahiya. Rufe mai baki za mu yi."

Ta miƙo mani gwangwanin madara ta kan kafaɗata. A ciki wani baƙin abu ne mai walƙiya, an kwaɓa da man shanu. Na ɗaga na ji nauyinsa ya fi girmansa, kuma wallahi a lokacin nan karatuna ya yi mani magana, ya ce abin da ya yi nauyi haka ƙarfe ne. Na tambaye ta me ke ciki. Ta ce kwalli ne, da garin dutsen zinari da ake niƙawa a injin bayan gida.

"Ƙasar da ta haihi zinari, gashi ne za ta kasa haihuwa?" Ta yi 'yar dariya. "Rufa-baki sunanshi. Sharaɗi ɗai gare shi: ba a hwaɗi. Ranar da kinka hwaɗa ma wani, ko mijinki ne, bakin ya buɗe. In kuwa ya buɗe, abin da za shi ci ba gashi ba ne."

Na karɓa, Kulu. Ni mai digiri, mai tara littattafai har a ƙarƙashin gado, na sa gwangwanin a jaka na ce na gode.

Za ki tambaya ko ya yi aiki. Fatar kai yake rinawa ta yi baƙi, in an hango daga nesa a ce gashi ne. Na san haka tun makon farko. Na san fenti nake shafawa. Amma in na duba madubi ba na ganin kan uwata, wannan ya ishe ni. Wata goma sha ɗaya ina shafawa kowace safiya.

Ke kina Sakkwato lokacin, sai hutu kike ganin Luba, amma kin tuna bakinta. Tana shekara biyu da rabi ta riga ta raɗa wa kowace kaza a gidan nan suna. In mai nono ta shigo ita ke tarbarta da gaisuwar Fulatanci, matar ta yi ta dariya tana cewa a ba ta ita ta kai ruga. Ɗabi'a ɗaya gare ta: ba ta barcin rana sai ta cusa hannu ƙarƙashin kallabina ta shafa kaina, sannan ta sa babban yatsan a baki. Ina ganin baƙin a yatsan, ina ganinsa a gefen bakinta. Sai in goge da bakin zane. Babanku ya taɓa tambaya, na ce gawayi ta ci.

Aka fara da ciwon ciki da ƙin abinci da kuka ba dalili. Daga nan kalmominta suka fara tafiya ɗai-ɗai. Sunayen kajin ne suka fara ɓacewa. Ta tsaya gaban kaza ta nuna ta da hannu, bakinta a buɗe, ta juyo ta dube ni in taimake ta. Mai nono ta shigo ta gaishe ta, ta yi shiru. Na ce wa kaina haƙori ne, na ce shawara ce, na ce yaye ne bai karɓe ta ba. Wata Talata bayan azahar ta hau cinyata, ta shafa kaina, ta tsotsi yatsan, ta ce, "Inna, daɗi." Kafin la'asar jijjiga ta kama ta, idanunta suka juye. Kwana uku ba ta san inda take ba a asibiti. Ta farfaɗo, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Daga ranar har yau da take neman shekara goma, ba wanda ya sake jin kalma daga bakinta.

An gaya maki a ƙauye ta kwaso gubar dalma. A kaina ta kwaso ta.

To ga abin da na saya da tsada, ki karɓa kyauta. Wanda ke jin kunyar ciwonsa bai isa ya yi wa magani alƙalanci ba. Ilimina bai gudu ba ranar nan a Bukkuyum, yana nan, ya ma yi magana, kunya ce ta fi shi murya. Ke ma haka za ki shiga ɗakin gwajin nan, da ilimi a ka da kunya a ƙarƙashin kallabi, kuma na san wadda za ta ci in suka yi kokawa, don jinina ne a jikinki. In kika ɗiga abin nan a kanki kika ga sili uku sun tsiro, ba za ki ƙara ganin komai ba. Al'adarki ta rikice ki ce sauyin ƙasa ne. Kanki ya yi ciwo ki ce karatu ne. Shi ya sa masu hankali suka raba mai gwaji da wanda ake gwadawa a kansa, ba don sun raina ki ba. Sannan kan mace ba nata ba ne ita kaɗai. Akwai matashin kai, akwai mataji, akwai ƙawar da za ta ari hularki, akwai miji, akwai ɗan da za a miƙo maki a gidan suna ki goya. Ni ma kaina kaɗai na ce zan shafa wa.

Saura kuskurena na uku, wanda ya fi muni, don na biyun, na gwangwanin nan, ina iya cewa ban sani ba in ina son yi wa kaina ƙarya.

Shekarar ce yara suka yi ta mutuwa a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinari, likitoci suka zo daga waje suna auna jini. Aka auna na Luba, dalma ta yi yawa ƙwarai. Likitar, wata Baturiya mai furfura, ta zaunar da mu ni da babanku, da ma'aikatan lafiya biyu maza a tsaye. Da ta ji ina Turanci sai ta juyo gare ni kai tsaye. Kuna niƙa dutse a gida? A'a. Maigida yana zuwa haƙa? A'a, ma'aikacin ofis ne. Kuna sa mata kwalli a ido? Na ce a'a, kuma gaskiya na faɗa, ba a ido ba ne. Ta ajiye biro ta ce, "Ki taimake ni. A cikin gari kuke. Akwai abin da yarinyar nan ke taɓawa kullum, kuma ke ce kika fi kowa sanin hannunta."

Gwangwanin yana cikin jakata a lokacin, a kan cinyata. Ina jin nauyinsa.

In na faɗa, sai na kwance kallabi gaban mijina da maza biyu. Wannan ɗaya. Na biyu kuma, ki yi mani dariya in kina so, muryar Tabawa ce ta dawo mani: in bakin ya buɗe, abin da za shi ci ba gashi ba ne. Na dubi Luba a kwance na ce a raina, yanzu tana numfashi, in na faɗa fa? Ni da ban yarda da tsafi ba. Ashe mutum yana iya ƙin yarda da abu kuma ya ji tsoronsa.

Ina cikin wannan shirun babanku ya ce, "Da sallah ta kwana huɗu a Tungar Daji wurin gwaggonta." Likitar ta ɗan yamutsa fuska, ta ce kwana huɗu bai cika yin haka ba. Na ce, "Can ne. Can ta yi ta wasa a ƙasa." Ta dube ni ta daɗe, sannan ta rubuta.

Kin san sauran, ba ki dai san tushensa ba. Gwaggonki Hassi, ƙanwar babanku uwa ɗaya uba ɗaya, wadda mijinta ke niƙa dutse a tsakar gida, wadda ta binne nata 'ya'yan biyu a shekarar. Shekara bakwai babanku bai amsa sallamarta ba. Kowace sallah sai ta zo da ɗan geronta a ƙulle ta zauna a zaure, ba a ce mata shigo ba. Ni ke fita in karɓa. Ta durƙusa mani, Kulu. Ta kama ƙafata ta ce, "Malama, ki yahe mani, ban san ƙasar gidana dahi ce ba." Ni kuma in ce mata ba komai, ƙaddara ce. Na ce na yafe mata. Ban san wutar da aka tanada wa mai irin wannan yafiyar ba.

Ba ita kaɗai shiruna ya ci ba. Na jefa gwangwanin a masai na ce shi ke nan, ban koma Bukkuyum ba sai bayan shekara. Na tarar da ƙofar a ɗaure da igiya. Maƙwabciya ta ce Tabawa ta rasu, hannuwanta sun shanye, ta daina gane mutane. Har ta kwanta mata na zuwa. Matan nan biyar da na gani a gindin bango, da waɗanda suka zo bayansu, ban san sunan ko ɗaya ba, ban san ko suna da goyo ba. Kalma ɗaya daga bakina gaban likitar nan, da an je an kwashe gwangwanayen.

Kin sha ganin abin da Luba ke yi bayan la'asar, kina cewa ƙauna ce. Ta zo ta tsaya bayana, ta kwance mani kallabi, ita kaɗai na bari, ta shafa kan a hankali daga goshi zuwa ƙeya. Abin da ba ki lura da shi ba shi ne na bayan nan. Sai ta ɗaga babban yatsanta ta duba, ta juya shi ta duba bayansa, sannan ta zagayo ta dube ni. Ba ta sa shi a baki. Likita ya ce ba abin da take tunawa. Likita bai taɓa zama ƙarƙashin idon nan ba.

Don haka ki je ki yi aikinki, ki yi shi da kyau, ina so ya yi nasara fiye da yadda kike so. Akwai mata da yawa a ƙasar nan masu hula ƙarƙashin kallabi, in ba ku samo masu na gaskiya ba, wata Tabawa za ta sayar masu da na ƙarya. Amma ki zama mai yawan tambaya har a gaji da ke. Ɗan aiken da za ku rufe wa baki, a ka kaɗai yake kai saƙo? A takardunki na karanta cewa irinsa yana aiki a wasu sassan jiki, har a cikin mahaifa lokacin da ake halittar ɗa namiji. In maganin ya zarce fata ya shiga jini fa? In an rufe, wa ke buɗewa, kuma yaushe? In yaro ya shafa ya lasa fa? Ki tambayi wannan ta ƙarshe ko za su yi maki dariya, ki ce wata tsohuwar malama a Anka ce ta aiko ki. Ɓeran da ya mutu ki rubuta shi da irin tawadar da kika rubuta wanda gashinsa ya tsiro. Duk ranar da wani babba ya ce maki wannan sakamakon kada a faɗa tukuna, ki san a gidan wa kike zaune. Maganin da sharaɗinsa shiru ne, ko a gwangwanin madara yake ko a kwalbar Turawa, ɗaya ne a wurina. Ke kuma da bakinki kika sa wa naki wannan sharaɗin a bayan ɗakin girki: ba wanda zai sani.

Na san Bashir ne ke cikin lissafinki, kina so kafin ki dawo a ɗaura aure kan ya cika. Ki kira shi kafin Asabar ki gaya mashi da baki, kada ki tsaya kwana-kwana. In ya tsaya, kin yi miji. In ya gudu, gashi ya zo aure, sai ya nufi kasuwa, ana sayar da shi ƙulli-ƙulli. Ranar kuma da maganinku ya bi duk hanyoyinsa, hukuma ta ce a kawo mutane a gwada a fili, da likita a tsaye da takarda a hannu, ki rubuta sunana na fari. Na gama haihuwa, kuma kaina fili ne, ba za su sha wahalar neman wuri ba.

Yau da safe na gaya wa babanku. Shi ya sa kika ga bai fita aiki ba. Na kwance kallabi na ajiye a gabansa na faɗa mashi tun daga Bukkuyum har ɗakin likita. Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya cire hularsa ya riƙe, ya daɗe yana kallon cikinta, sannan ya ce, "Hassi." Gobe da sassafe za mu Tungar Daji. An ce hanyar ba lafiya kwanan nan, za mu dai. Ni zan durƙusa wannan karon. Ban sani ba ko zai dawo da ni gidan nan a matsayin da na fita, wannan tsakaninmu ne, kada ki sa baki.

Shekaranjiya da na ji ki a waya na yi niyyar in fito in ce maki in kika yi ban yafe ba. Na san bakin uwa kike tsoro, da na faɗa da kin bari. Na buɗe bakin na ga ba ni da shi. Matar da ta yi abin da na yi ba ta da bakin da za ta yi wa ɗiyarta baki. Don haka ba zan tsine ba, ba zan sa ki rantse ba, can kuma ba mai ganinki sai Allah. Abu ɗaya na roƙe ki. In kika ƙi ji kika ɗiga, to daga ranar kada ki ɗauki ɗan kowa. Kada ki goya, kada ki bari ƙaramin hannu ya kai kanki, ko na ɗan da kika haifa ne. In kin dawo Luba ta zagayo bayanki za ta kwance maki kallabi, ki riƙe hannunta ki hana ta. Ki auna wannan da gashi, ki ga wanda ya fi nauyi.

Allah Ya tsare mani ke daga abin da kike gani da abin da ba ki gani. Ya tsare ki daga sharrin mutane da sharrin son zuciyarki. Ya sa albarka a karatunki, Ya sa hannunki ya zama waraka ga bayinSa, Ya dawo mani da ke lafiya ko da sili ɗaya bai rage a kanki ba. Ki riƙe salla, ki ci abinci, ki sa rigar sanyi. Ki yi mana addu'ar hanya gobe, mu ma za mu yi maki ta Asabar.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Ni ce,
Innarki.